Shin Ko Kun San? Keken Tsere a Tamale: Sabo Marar Nauyi Ko Gyaran Na Hannu?

Shin ko kun san Tamale na cikin garuruwan Ghana ƙalilan da aka ware wa masu keke hanyarsu daban a gefen manyan tituna? Duk wanda ya bi titin Bolgatanga da sassafe ya gani da idonsa: ɗalibai, 'yan kasuwar Aboabo, mata da goyo, kowa na murza feda. A cikinsu akwai samari masu keken tsere, mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, kuma zancensu bai wuce guda ba: a tara sidi a sayi sabo marar nauyi, ko a kashe wa na hannu kuɗi?

Shin ko kun san an yanka wa rashin nauyi iyaka? Tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, mai hedikwata a garin Aigle na ƙasar Suwizalan, ta hana shiga gasarta da keken da bai kai kilo 6.8 ba. An yi lokacin da makanikan manyan ƙungiyoyi ke ƙara wa keke ɗan ƙarfe don ya cika sikeli. Saboda haka idan dillali ya ce muku nasa kilo 6 ne cif, ku sani ko zakaran duniya ba a yarda ya hau irinsa ranar gasa ba.

Ga lissafin da masu talla ba sa yi. Mahayi mai kilo 70, da keke mai kilo 9, da ruwan sha da 'yan kayan faci, sun tashi kilo 80. Idan aka rage kilo 1 daga keken, an rage kashi ɗaya da kwata ne kacal cikin ɗari. Kilo 1 kuwa shi ne nauyin ledar fiya wata guda biyu. A hawan tudu mai tsanani na minti 10, ribar ba ta wuce sakan 7 ko 8 ba. A shimfiɗaɗɗen titi kuma da ƙyar agogo zai nuna ta. Amma kuɗin da ake biya don wannan kilo ɗaya tilo yakan sayi wani keken sukutum.

To ina tudun yake a Tamale? Daga nan zuwa Savelugu, ko Yendi, ko Salaga, ƙasa ce kwance mai ɗan hawa da gangara. Mai neman hawa na gaske sai ya nausa can wajen tsaunin Nakpanduri ko duwatsun Tongo.

Shin ko kun san iska ce babbar abokiyar karawarku a irin wannan ƙasa? Da zarar gudu ya kai kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin ƙafarku wajen keta iska yake tafiya, kuma jikin mahayi ne ke tare kaso mafi tsoka na iskar, wajen kashi uku cikin huɗu. Wani abin mamaki: in kuna son ninka gudunku sau biyu, ƙarfin da za ku kashe a kan iska kaɗai sai ya ninka sau takwas. Ke nan riga mai kama jiki, da sunkuyawa a kan keke, da iya bin bayan abokin tafiya daf da daf, sun fi firam mai tsada amfani ranar da iskar hunturu ta taso muku ta gaba a hanyar Walewale. Biyu daga cikin ukun nan ko kwabo ba sa ci.

Shin ko kun san Maurice Garin, wanda ya lashe gasar zagayen Faransa ta farko a 1903, ya ci kilomita 2,428 a kan keken ƙarfe marar giya, wanda nauyinsa ya yi kusa da na Phoenix da Rali da iyayenmu ke ɗaukar buhun masara da su?

Yanzu ga inda kuɗi ke yin aiki, kuma a nan zan fi daɗewa. Taya ita ce gyara mafi riba a kan kowane keke. Da can ana ganin siririya mai milimita 23, a bunƙa mata iska har ta zama dutse, ita ce mai gudu. Yau manyan 'yan tsere sun koma mai 28 ko 30 da sassaucin iska, domin an gano a kan titi mai kaushi taya mai tauri tsalle take yi, tsallen kuma yana cin gudu yana gajiyar da kafaɗa da ƙugu. In haka ne a titunan Turai, ina ga namu masu ramuka da tsakuwa, da gefen kwalta mai yashi inda mai yalo-yalo kan tura mutum? Ga kuma ƙaya da tsidau. Taya mai kauri a ciki, ko irin marar tif wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda da kansa, za ta raba ku da tsayuwar faci a rana. Amma ku auna kafin ku saya: tsofaffin kekuna masu birkin da ke matse bakin wili galibi ba sa karɓar abin da ya wuce milimita 28, wasu ma 25 ne iyakarsu.

Bayan taya sai wili. In akwai sauran kuɗi, wili mai ƙwari da lafiyayyen boris ya fi komai canza yadda keke ke tafiya. Tun da UCI ta halatta birkin faifai a 2018 Turawa suka yi ta sakin wili masu tsohon birki, shi ya sa ake tsintar nagari da sauƙi a cikin kayan gwanjon da ke saukowa ta tashar ruwan Tema.

Shin ko kun san baƙin mai da ake laftawa a sarƙa shi ke kashe ta? Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na mannewa a kan man, su haɗu su riƙa goge ƙarfe a kowane juyi. Sarƙar da ta ci ta miƙe sai ta cinye haƙoran giya na baya, sannan ta kama na gaba, asarar abu ɗaya ta koma ta uku. Gwajin ba wuya. Tsakanin fil da fil rabin inci ne, don haka tazara 24 inci 12 ce daidai a sabuwar sarƙa. Ku ɗauki tef ɗin tela ku auna. In ta zarce da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, ku canza ta. Mai kuma kaɗan ake ɗigawa, a goge na waje da tsumma.

Shin ko kun san kayan giya hawa-hawa ne? A wajen Shimano, kamfanin Japan da aka kafa a 1921, ana farawa daga Claris mai giya 8 a baya, sai Sora mai 9, Tiagra mai 10, sannan 105 da Ultegra da Dura-Ace masu 11 ko 12. Ba a cakuɗa su yadda aka ga dama, domin abin canza giya na hannu dole ya dace da yawan giyar baya, kuma sarƙa na ƙara sirancewa da tsada yayin da giya ke ƙaruwa. A ganina mai zama a Tamale ya tsaya tsakanin Sora da 105. Giya mai aiki da batir abin sha'awa ce, amma ranar da ta tsaya sai an jira saƙo daga Akra ko Kumasi, alhali wayar giya ta ƙarfe mai gyaran keke na unguwa zai canza ta nan take.

Masu sayen na hannu su riƙe wannan: a Satumban 2023 Shimano ta yi kiranyen wasu hannayen feda na Ultegra da Dura-Ace masu giya 11, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, saboda wasunsu na rabewa a inda aka manne su. Irinsu na yawo a kasuwar gwanjo. Ku duba gefensu da kyau ko akwai alamar buɗewa.

Shin ko kun san firam ɗin kabon ba ya zuwa wajen mai walda? Greg LeMond ya ci gasar Faransa da irinsa tun 1986, kuma a yau akwai firam ɗin da bai kai kilo 1 ba. Sai dai kabon zare ne da aka daskarar da danƙo. Ƙarfe in ya bugu yakan lotsa kowa ya gani, shi kuwa kabon yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya lau. Ko ɗaure noti da ƙarfin tsiya na iya fasa shi, shi ya sa ake rubuta ma'aunin ɗauri a jikinsa. Keken da ya sha matsi a kwantena, ba ku san tarihinsa ba, ku yi masa kallon tsanaki, musamman ƙahon gaba da ke riƙe da taya. Wannan magana ce ta rai, domin karyewar ƙaho a guje faɗuwa ce ta fuska. Firam ɗin alminiyam mai kyau bai fi na kabon nauyi da abin da ya wuce rabin kilo ba, kuma ya fi jure hannun mutane.

Wani abin lura kuma: kan tif ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Ku yi yawo da ƙaramin famfo da tif na ko-ta-kwana.

Shin ko kun san a Ghana ake ƙera firam da gora har ana fitar da shi Turai? Kamfanin Booomers na yi a Yonso da ke yankin Ashanti, haka ma shirin da Bernice Dapaah ta jagoranta a Kumasi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso kuwa tun 1987 suke gudanar da gasar Tour du Faso. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a gasar Faransa ta 2024, sannan a 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karon farko a Afirka.

To yaushe sayen wani keken ya zama dole? Idan firam ya yi muku girma ko ƙanƙanta, ko ya tsage, ko ba ya ɗaukar taya mai faɗi. Waɗannan ba su da gyara, kuma keken da bai dace da tsawonku ba zai bar ku da ciwon gwiwa da baya ko nawa ya ci. In kuwa firam ɗinku lafiya yake kuma daidai jikinku, ku riƙe abinku. Ku sayi taya, ku sabunta sarƙa da wayoyin birki, ku daidaita tsawon sirdi. Kafin duk wannan, 'yan'uwa, ku fara da hular kwano da fitilar baya, domin a zafin Maris da Afrilu da asuba ake fita, lokacin da direban babbar mota bai gama ganin gabansa ba.