Gaskiya da Ƙarya Game da Ramukan Konya

A lardin Konya na ƙasar Turkiyya, inda kabarin Maulana Jalaluddini Rumi yake, manoma sun daɗe suna wayar gari su tarar ƙasa ta rufta a tsakiyar gona, ta bar rami mai baki zagayayye. Kuma da yake al'amarin yana da ban tsoro, musamman a gundumar Karapinar, zantuka sun yawaita a kansa, har ya wajaba a tace su.

Masu cewa wannan sabuwar musiba ce sun yi kuskure, domin a bakin tsohon ramin Kizoren, wanda ya zama tafki, akwai masaukin fatake da Saljuƙawa suka gina tun ƙarni na 13. Abin da ya tabbata shi ne ramukan sun ƙaru ainun daga wajen shekarar 2000.

Haka nan babu hujja ga masu jingina abin ga girgizar ƙasa ko faɗowar tauraro. Ubangiji Madaukaki yana gudanar da ikonsa bisa sababi, sababin kuwa a nan shi ne dutsen da ke ƙarƙashin gonakin, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, wanda ruwa ke narkar da shi sannu a hankali cikin dubban shekaru har ya bar kogwanni. Muddin kogwannin nan suna cike da ruwa, ruwan yana tallafe ƙasar da ke bisansu. Amma da fari ya tsananta, aka kuma haƙa dubban rijiyoyin burtsatse don shayar da masara da gwozar sukari, sai ruwan ya ja baya, rufin ya rasa madogara.

Batun cewa ruftawar ba ta da alama, rabinsa gaskiya ne, gama wani lokaci takan zo bagatatan, wani lokaci kuwa tsaga mai kewaye takan bayyana a ƙasa, turken shinge ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Mafi hatsarin zance shi ne wai a cike ramin da ƙasa, shi ke nan. Kogon yana nan ƙasa yana haɗiye abin da aka zuba, bakin ramin kuma yakan ci gaba da zaftarewa, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi. Saboda haka wajibi ne a killace wurin da nisa, a hana tarakta da dabbobi kusantarsa, a kira masana su auna ƙasar.