Babi na Bakwai: Fim ɗin Kaboyi, Rigimar Shanu da Gona

Kafin fim ɗin Indiya ya ƙwace kasuwa a Arewa, fina-finan Amurka da na Ingila ne ke cika allon silima, kuma a cikinsu na kaboyi ya fi shiga ran samari. Tun daga 1937, lokacin da aka buɗe silimar Rex a Kano, mai kallo bai buƙaci jin Turanci ba: ga doki, ga malafa, ga bos, ga ɗan wasa, shi ke nan. Yau ƙwallon Turai ta mamaye gidajen kallon Rigasa, fim kuma ya koma cikin waya, ana karɓo shi wajen masu turi. In ka sa wa yaron yanzu tsohon kaboyi, sai ya ce babu waƙa, babu gudun mota, sai kallon-kallo da ƙura. Laifin ba nasa ba ne. An gaya masa fim ɗin harbi ne, shi ya sa yake zaman jiran harbi.

To, kaboyi ba ɗan bindiga ba ne. Makiyayi ne, ɗan ƙwadago, mai kiwon shanun wani. Wannan magana ita ce mabuɗin babin nan gaba ɗaya. Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, jihar Texas cike take da shanu masu dogon ƙaho, saniyar da ba ta wuce dala 4 a can ba tana iya kai dala 40 a kasuwannin arewacin ƙasar. A 1867 wani ɗan kasuwa, Joseph McCoy, ya kafa zangon shanu a Abilene ta jihar Kansas, a bakin layin dogo. Sai a tara garke na shanu 2,000 zuwa 3,000, a ɗauki samari goma ko goma sha biyu su kora su tafiyar wata biyu zuwa uku, a kan albashin da ke wajen dala 30 a wata. Aikin 'yan koren da suka riƙa taka shanu daga Arewa zuwa Ilori da Ibadan ke nan, bambancin kawai su a kan doki suke.

Sannan a daina cewa dukansu Turawa ne jajaye masu idon mage. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koyo ta, kuma masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu koren nan baƙaƙen fata ne, yawancinsu tsofaffin bayi. Masu shirya fim ne suka share su. Harbin ma an zuzuta shi. Garuruwa irin Dodge City da Tombstone a lokacin suna da dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, kuma faɗan O.K. Corral na 1881, wanda aka yi ta yi wa fim ba adadi, bai wuce daƙiƙa 30 ba, mutum uku suka mutu. Zamanin koren kansa shekara ashirin ya yi. Abin da ya kashe shi ba bindiga ba ce, waya mai ƙaya ce, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da kuma layin dogo da ya iso har ƙofar masu shanu.

Nan ne daɗin yake. Daga 1862 gwamnatin Amurka ta riƙa ba duk wanda zai zauna ya noma eka 160, a filin da masu shanu suka saba sakin dabbobinsu. Manomi ya kafa shinge, ya tare mashaya, mai garke ya ce tun kafin a haife ka nake shayarwa a nan. A watan Afrilu na 1892, a gundumar Johnson ta jihar Wyoming, manyan masu shanu suka ɗauko hayar 'yan bindiga daga Texas, suka haɗa rundunar mutum wajen 50, da takardar sunayen ƙananan mazauna da suke zargi da satar shanu. Suka ritsa ɗaya daga cikin mazaunan, Nate Champion, a gidansa. Shi kaɗai ya tare su tsawon yini bayan sun harbe abokinsa, yana ma rubuta abin da ke faruwa a ɗan littafinsa, har suka cinna wa gidan wuta, ya fito suka kashe shi. Jinkirin da ya jawo musu ya ba mutanen gari damar taruwa, ɗaruruwa suka kewaye maharan a wata gona. Wa ya zo ceto? Sojan gwamnati, bisa umarnin Shugaba Benjamin Harrison, kuma waɗanda aka ceta maharan ne. Ba a hukunta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga wannan rigima aka samo ƙashin labarin fim ɗin Shane na 1953. Ku kalle shi ku saurari mai shanun, kada ku tsaya ga jarumi. Mugu ne, amma hujjarsa ba ta banza ba ce. Sai ku haɗa da Open Range na 2003, inda Kevin Costner ya juya lamarin: masu yawon kiwo ne abin tausayi, attajirin da ya mallake fili ne azzalumi. Wanda ya san yadda gonaki suka cinye burtali, ya san dalilin dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da irin gandun kiwon Kaciya, ya fi mutumin New York fahimtar waɗannan fina-finai. Abin da dai ba kasafai fim ɗin ke faɗa ba shi ne, filin da ake faɗa a kansa an ƙwace shi ne daga 'yan asalin ƙasar.

Bari mu ɗan kauce. Django da iyayenmu suke ambato da jinjina ba Ba'amurke ba ne. Fim ɗin Italiya ne na 1966, ɗan wasansa Franco Nero. Mai shirya fim Sergio Leone ma a hamadar Almeriya ta Sifen ya ɗauki yawancin nasa, kuma A Fistful of Dollars na 1964 kwaikwayon Yojimbo ne na Japan, har sai da aka kai ƙara aka biya. Masu cewa su Indiya kaɗai suke kallo kuwa, Sholay na 1975 fa? Bos ɗinsa Gabbar da dawakinsa da harin jirgin ƙasa kaboyi ne aka sa wa waƙa. Once Upon a Time in the West na 1968 ya fi su duka: ana kashe iyali guda saboda filinsu ne kaɗai ke da ruwa a inda jirgi zai bi. Mutumin Rigasa, wanda tashar jirgin Abuja ta sauka a unguwarsa a 2016, ba sai an yi masa bayanin abin da layin dogo ke yi wa darajar fili ba.

Mu ma mun taɓa yin namu. A 1966 Mustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo gida da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka sauya sunaye, suka addabi ƙauye. Zalika Souley na cikin 'yan wasan. Alassane ya gane abin da kwaikwayon malafa da bindiga ke jawowa in an manta da kiwon.

Na zamani ba sa buƙatar dogon bayani. Unforgiven na 1992 ya nuna kisa ba abin ado ba ne, The Harder They Fall na 2021 ya dawo da baƙaƙen fata kan doki, Yellowstone da aka fara a 2018 shi ma rigimar fili ce dai, da mota da lauya. Kowanne ka kunna, tsoho ko sabo, ka bar ƙirga gawa. Ka tambayi shanun na wa ne, ina ruwan yake, wa ya kafa shinge. Fim ɗin da ya kasa amsa waɗannan uku, goge shi ka ba wani wuri a wayarka.