Karatu Da Ƙwallo A Kwamfuta Ɗaya: Abin Dubawa Kafin A Tura Kuɗi Ngurore

Duk ma'aikacin da ya fito daga Adamawa yake aiki a Abuja ya san irin kiran da ke shigowa da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu. Ƙane ne ko ɗan yaya daga Ngurore, an ɗauke shi a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola. Bayan doguwar gaisuwa da tambayar iyali, sai ya shaida wa kawu cewa karatun ba zai yiwu ba sai da kwamfutar tafi-da-gidanka. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ɗaya rabin, wanda kunya ba za ta bari ya furta ba, shi ne yana son na'urar da za ta ɗauki wasan ƙwallo idan an tashi daga lacca.

Wannan ba laifi ba ne, kuma gara mai sayen ya sa shi cikin lissafi tun farko. Kwamfutar da ta iya ɗaukar ƙaramin wasa ba za ta gaza rubutun aikin makaranta ba. Matsalar ita ce aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kama ƙafar farashin sabuwar kwamfuta mai ƙwari ba. Don haka yawancin masu saye ta hannu suke nema, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, suka biyo ta Computer Village a Ikeja kafin su watsu zuwa Banex a Wuse da shagunan Jimeta.

Mutumin Ngurore ba baƙon ciniki ba ne. A kasuwar shanun garin, wadda tireloli ke lodi daga cikinta zuwa kudu, babu mai hankalin da zai sayi sa don tsawon ƙaho. Baki ake buɗewa a duba haƙora a san shekaru. Haƙoran kwamfuta su ne lambobin da ke bayan sunan injinta. Mai shago zai nuna tambarin Core i7 yana jinjina kai, alhali tambarin shi kaɗai ba ya faɗin komai. A lamba kamar i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas, kuma wannan injin yana da kawunan aiki huɗu. Shi kuwa i7-6600U, duk da girman sunansa, zubi na shida ne mai kai biyu kacal. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauki na biyun ya sayi ƙaho.

Akwai wani dalilin da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar tsaro ta yau da kullum, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, in ban da 'yan ƙalilan, ko Ryzen jerin 2000 a ɓangaren AMD. Masu gyara sun san dabarar cusa shi a tsofaffin na'urori, sai dai yaron da zai yi shekara huɗu yana karatu bai kamata a haɗa shi da dabara ba. HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T480 galibinsu 'yan wannan zubin ne. An ƙera su don ofis, jikinsu na da ƙwari, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu.

A wajen wasa, abin da ke zana hoto shi ne sarki. Waɗancan ukun galibi da Intel UHD 620 suke zuwa, wanda zai ja Minecraft da tsofaffin wasannin ƙwallo irin su PES 2017 idan aka rage kyan hoto. Wanda ya samu EliteBook 745 G6 ko ThinkPad T495 mai Ryzen 5 3500U da Vega 8 ya ɗan matsa gaba, haka ma mai Iris Xe na zubi na goma sha ɗaya. A nan GTA V ma zai motsa a ƙaramin saiti. Irin waɗannan ba su da ma'ajiyar hoto tasu, daga RAM suke ara. Shi ya sa gigabayit 8 ne mafi ƙaranci, kuma sanda biyu na RAM sun fi sanda ɗaya sauri a wasa ko da jimillarsu ɗaya ce, abin da ba kowane mai shago ke damuwa ya faɗa ba. Ma'adanar kuma ta kasance SSD, aƙalla gigabayit 256.

Sai a faɗa wa yaro gaskiya tun kafin rai ya ɓaci. EA Sports FC 24, magajin FIFA, yana neman katin hoto na GTX 1050 Ti a ƙalla da filin gigabayit 100. Wannan ba harkar kwamfutar ofis ba ce. Akwai tsofaffin kwamfutocin wasa masu irin wannan katin a kasuwa, amma an riga an sha romonsu a wata ƙasa, kuma suna shan wuta suna fitar da zafi.

Zafi kuwa a kwarin Binuwai ba abin wasa ba ne. A watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura 40 a Yola, bayan hunturu ya gama cika fanka da ƙura. Injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, sai a ga wasan da ya tafi sumul a shago mai sanyi a Abuja yana tsinkewa a ɗakin kwano. Maganin ba mai tsada ba ne: a kai mai gyara ya buɗe ya busa ƙura ya sabunta man sanyaya injin, a kuma daina ɗora ta a kan katifa. Ga kuma wutar YEDC da ba a yi mata alkawarin lokaci. Kwamfutar ofis da cajar wat 65 take wadatuwa, ƙaramar sola ma za ta riƙe ta, ta wasa kuwa takan nemi ninki biyu ko fiye.

Tarko mafi kama iyaye shi ne sabuwa a kwali mai arha, mai injin Celeron da RAM gigabayit 4 da aka like a jiki ba a iya ƙarawa. Tana da ƙyalli, an kuma fita kunyar cewa ba gwanjo aka saya wa yaro ba, amma kafin zangon farko ya ƙare za ta fara nishi da shafukan intanet biyar.

Saura tambayar inda za a saya. Abuja ta fi yawan zaɓi, Jimeta ta fi kusa da inda na'urar za ta lalace, kuma garantin 'yan kwanaki da ake bayarwa a kan ta hannu ba shi da amfani ga wanda ke nesa da shagon da tafiyar yini guda a mota. Ko ina aka tsayar, kada a biya sai an zauna da ita. A buɗe bayanan na'urar a ga lambar injin da ido. A rubuta umarnin powercfg /batteryreport, zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da ya rage. A shiga BIOS a tabbatar tsohon kamfanin bai bar mata kalmar sirri ba, domin buɗe irin wannan kulle kan zama wani kashe kuɗin. A gwada kowane madanni da kamara da ramukan USB, a kunna wasa na minti ashirin ana sauraren fanka.

Rasit ɗin kuma ya ɗauki lambar jikin kwamfutar, da sunan shago da lambar wayarsa. Yaron da zai riƙa bin hanyar Numan da jaka a baya zai iya haɗuwa da shingen bincike, kuma wannan takardar ce za ta nuna cewa ba ta sata ba ce.