Barin Launi Ɗaya a Hoto: Dabarar da Yadda Take Aiki a Cikin Birnin Kano

Barin launi ɗaya wata dabara ce ta gyaran hoto wadda ake mayar da hoton gaba ɗaya baƙi da fari, sai abu guda a bar masa launinsa. Ido yakan faɗa kan wurin mai launin kafin ya duba komai, kuma amfanin dabarar ke nan. Masu ɗaukar hoto don sha'awa suna yin ta a hotunan hawan sallah da na biki da na marinar Ƙofar Mata, domin yanzu wayar hannu kaɗai ta isa a yi aikin.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1840 masu hoto a Turai suke shafa launi da buroshi a kan kumatu da tufafin mutanen da suka ɗauka. A fim ɗin Battleship Potemkin na 1925, wanda Sergei Eisenstein ya shirya a Tarayyar Sobiyat, da hannu aka fenta tutar jirgin ruwa ta zama ja. Misalin da ya fi shahara shi ne Schindler's List na Steven Spielberg, na 1993, inda aka ga wata yarinya sanye da jar riga a tsakiyar fim baƙi da fari. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, a 1994 kuma ta samu tsarin shimfiɗa hoto a kan hoto, wanda ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Daga baya kamfanonin Canon da Nikon da Sony suka sa dabarar a cikin wasu kyamarorinsu.

Hoton waya tarin ɗigo ne ƙanana, miliyoyi. Kowane ɗigo haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun yana da mataki daga 0 zuwa 255. Idan lambobin uku suka zo daidai da juna, ɗigon ya zama ruwan toka. Saboda haka cire launi yana nufin daidaita waɗannan lambobi, barin launi kuma yana nufin gaya wa manhaja ɗigon da za ta ƙyale.

Hanya biyu ake bi wajen gaya mata. Ta farko ita ce zaɓe ta launi: mutum ya taɓa ja, manhaja ta bar duk wani ja da ke cikin hoton ta kashe sauran. A Lightroom akwai launuka takwas da ake iya rage ƙarfin kowanne shi kaɗai. Ta biyu ita ce zaɓe ta wuri. A nan akan ɗora baƙi da fari a kan hoton na asali, sannan a bi da yatsa ana gogewa a inda ake son launin ya fito. Snapseed, wadda Google ya mallaka tun 2012, da GIMP ta kwamfuta duk suna yin haka kyauta. Aikin ya yi kama da na marini da ke ɗaure wani sashe na zane da zare domin kada baba ya kama shi. Hanya ta farko ta fi sauri, ta biyu ta fi tsabta, kuma cikin birnin Kano wuri ne da ke fallasa raunin ta farko nan da nan.

Dalili shi ne jar ƙasa. Badala, katangar Gidan Makama, tsofaffin gidajen tubali na unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, har da ƙurar da dawakai ke tayarwa, duk launinsu yana tsakanin ja da ruwan lemo. Fatar ɗan Adam ma, komai duhunta ko haskenta, a wannan yanki take a lissafin kyamara. To, wanda ya ɗauki dogari a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, ya ce wa manhaja ta bar ja, zai tarar ba rigar dogarin kaɗai ta bari ba. Za a ga dabbare-dabbaren ja a fuskokin 'yan kallo, a leɓɓansu, a jikin bango da wuyan doki. Irin wannan hoto ba ya gyaruwa sai an koma ga yatsa, an faɗaɗa shi sosai, an bi gefen rigar sannu a hankali da ƙaramin buroshi. Haka lamarin yake ga jan lallen amarya, wanda launinsa ke maƙwabtaka da na tafin hannun da aka zana shi a kai.

Kayan dogarai suna da wani darasin kuma. Ja ne da kore, launuka biyu da ido ke bambancewa tun daga nesa, amma idan aka cire launi sukan koma ruwan toka mai kama da juna, tsarin ɗinkin ya ɓace. Wannan yana daga cikin wuraren da barin launi ke da hujja mai ƙarfi, domin launin shi ne shaidar aikin mutumin. Sai dai a bar masa duka biyun. Dogarin da aka bar wa ja aka kashe masa kore an canja masa kayan sarki, kuma duk Bakano zai gane wani abu ya tafi ba daidai ba.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce wuri mafi dacewa ga mai koyo, domin shuɗi ya yi nisa da launin fata da na ƙasa. Zaɓe ta launi kan yi aiki a nan, in dai an kula da sararin sama da bokitin roba da rigunan masu wucewa. Matsalarta dabam ce. A lissafin hasken hoto da aka daɗe ana amfani da shi, kore yana ba da kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kusan 30, shuɗi kuwa 11 kacal. Zanen da ya sha baba sau da yawa yana dab da baƙi, don haka ko an bar masa launinsa ba ya tashi a ido idan a inuwa aka ɗauke shi. Gara a ɗauka da hantsi, lokacin da rana ke dukan zanen da aka shanya, ko a nemi hannun marini da baba ya rine. Zanen da ya fito daga mabuga yana sheƙi, kuma wannan sheƙin yana taimakawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara wa shuɗin ƙarfi har ya koma kamar fentin mota. Shuɗin baba yana da zurfi da ɗan duhu, kuma wannan zurfin ne ya kai sunan rinin Kano har cikin Sahara, ga Buzaye masu naɗa rawanin ɗan Kura. Hasken kawai ya kamata a ɗaga kaɗan.

Rawayar keken A Daidaita Sahu kuwa ba ta da wuya. Lokacin hunturu hazo yana rage ƙarfin launuka tun kafin a taɓa hoton, wani lokaci har ba a buƙatar kashe su baki ɗaya.

Ƙwararrun masu hoto da yawa suna raina dabarar, suna ganin an yi ta har ta gundura. Suna da gaskiya a inda aka bar launi a kan abin da ba shi da muhimmanci, kamar agogon ango ko jakar amarya, fuskokinsu kuwa aka bar su toka-toka. Tambayar da ta dace kafin a fara ita ce ko abin da za a bar wa launi shi ne dalilin ɗaukar hoton. Hoton da tsayuwarsa da haskensa ba su yi kyau ba, launi ɗaya ba ya ceto shi. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ta fi dacewa da tsohon birni: a rage launin bayan hoto zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu maimakon a kashe shi, ta yadda ɗumin jar ƙasa zai saura, abin da ake nufi kuma ya fito. Hoton labarin jarida dai ba a yi masa wannan gyara, domin ya sauya abin da kyamara ta gani. Ladabi ne kuma a yi sallama a nemi izinin masu rini da 'yan kasuwa kafin a ɗaga waya, a kiyaye ɗaukar mata da yara ba da yardar su ko ta iyayensu ba.

Bayan an gama, a ajiye hoton a matsayin kwafi, na asali ya zauna yadda yake. Tsarin JPEG yana adana bayanin launi da ƙarancin inganci fiye da na haske, shi ya sa ja yakan yi naso a gefen riga duk lokacin da aka sake matse hoto. WhatsApp yana matse hotunan da ake turawa ta hanyar da aka saba, don haka wanda za a kai wa mai bugawa a takarda a tura masa shi a matsayin fayil.