Idan Taya Ta Fi Gidanta: Aikin Mai Walda a Bayan Tsohuwar Mota

Duk wanda ya taɓa shiga bayan tsohuwar mota mai rumfar tampol ran kasuwa ya san wani akwatin ƙarfe da ke tasowa daga daɓen motar, ɗaya dama, ɗaya hagu. Wasu na zama kansa, wasu na ɗora kaya. Wannan akwati shi ne gidan taya. Ƙarƙashinsa tayar baya ke juyawa. Tsakanin mai zaune da tayar babu komi sai fallen ƙarfe wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Idan gidan ya yi wa tayar kaɗan, ran mutane na cikin hatsari, su kuwa ba su sani ba.

Motar da kowa ya sani

Manyan mutane ba su manta da Peugeot 404 ba, wadda jama'a ke ce wa Pijo kat-san-kat. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta a shekarar 1960. Mai buɗaɗɗen baya, ta ɗaukar kaya, ta fito a 1967. Daga 1975 aka shiga harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a ƙasar Kenya kuwa an ci gaba da harhaɗa 404 har 1991. Shekaru da yawa irin waɗannan motoci ne suka yi ta jigilar gero, wake, gyaɗa, awaki da mutane tsakanin Maraɗi da Dakwaro, Damagaram da Tanut, Tawa da ƙauyukan Adar.

Yau sun yi ƙaranci, Toyota ta karɓe tasha. A Turai da Amurka masu sha'awa na adana tsofaffin motoci kamar kayan gado, har wasu na faɗaɗa gidan tayar baya don su sa manyan tayoyin tsere. A karkara kuwa ba don ado ake wannan aiki ba. Tsohuwar motar da ta rage tana nema wa mai ita abinci ne, kuma hanyar rairayi ce ke tilasta masa.

Me ke kawo aikin?

Siririyar taya na nutsewa cikin rairayi. Mai faɗi kuwa tana baza nauyi, kamar yadda tafin raƙumi ke hana shi kafewa. Shi ya sa direbobi ke neman taya mai faɗi da tsawo. Amma masu ƙera mota sun auna gidan ne daidai da tayar asali. Idan an cire mai faɗin milimita 165 aka sa ta 185, an ƙara santimita 2 ke nan. Da ido abin ba shi da yawa.

Sai an yi lodi ake ganin aibu. Nauyi na danne bayan mota, gidan ya sauko kan taya. Duk ramin da aka faɗa, duk kwanar da aka sha, ƙarfe na gugar roba. Roba ta yi zafi, gefenta ya ci, har zaren ciki ya bayyana. Wata rana tayar ta fashe ana cikin gudu. Fashewar tayar baya a motar da ta cika da mutane na iya kifar da ita.

Yadda gwanin mai walda ke yi

Gwani ba ya fara yanka sai ya auna. Yana sa a yi wa motar lodi, ya leƙa ƙarƙashi, ya nemi wurin da ƙarfe ya yi ƙyalli saboda guga. Nan ne ya yi matsi. Sai ya zana da alli. Abin da yake nema shi ne, ko mota na ɗauke da cikakken kaya, a samu sararin yatsu biyu aƙalla tsakanin taya da ƙarfe, sama da gefe.

Daga nan a sauke kaya, a ɗaga motar, a tokare ta da ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a cire tayar. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sai ya yanke gidan bisa zanen, ya matsa da bangonsa ciki, ya cike tsakanin da sabon falle mai faɗin da ake bukata. Dole kaurin fallen ya zo ɗaya da na motar. Mafi kyau a yanko shi daga jikin wata matacciyar mota. Kwanon rufin ɗaki bai dace ba: ba shi da ƙarfi, kuma abin da aka shafa masa don hana tsatsa na fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji idan wuta ta taɓa shi.

Wurin liƙi ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Falle ba ya son zafi mai yawa. Idan an ja wuta daga wannan baki zuwa wancan a tashi ɗaya, sai ya murɗe ko ya huje. Gwani na ɗiga walda ne nan da can, kamar mai shuka da ke barin tazara tsakanin ramuka. Ya ɗiga, ya bari ya huce, ya daddale da guduma, ya koma wani gefe. A haka har ɗigon ya haɗe ya zama layi guda. Ba a watsa masa ruwa don ya yi saurin sanyi. Sauri ya haifi nawa.

Bayan liƙi sai a goge, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, a toshe duk wata kafa. Idan an bar kafa, ƙura da hayaƙin mota za su riƙa shiga wurin fasinja, ruwan damina kuma ya kwanta ya ci ƙarfen. Aikin da aka yi a dama, daidai shi za a yi a hagu.

Wuta da mai ba su zama wuri ɗaya

Masu walda na aiki da wuta iri biyu. Akwai ta lantarki. Akwai kuma ta gas, wadda ake samu idan dutsen karbir ya haɗu da ruwa. In an gama gas ɗin da iskar oksijan, zafin harshen wutar na kaiwa digiri 3000. Tankin mai kuwa yana can baya, ba nisa da wurin aiki.

Saboda haka kafin a kunna wuta, a cire wayar batir, a sauke tankin gaba ɗaya, a kai shi nesa. Kada a ce ai babu komi ciki. Tankin da aka zubar da mansa ya fi cikakke hatsari, domin tururin man da ya rage shi ke fashewa. A kawar da tampol da bencin katako. A aje bokitin rairayi kusa. Mai walda ya rufe idonsa da baƙin gilashi, a kuma kori yara masu kallo, don hasken walda na ƙona ido.

Akwai wuraren da ba a taɓawa ko kaɗan. Ba a yanka shasi, wato dogayen ƙarafan da ke ɗauke da bayan motar. Ba a kai wuta kusa da bututun birki. Ba a liƙa sifirin da ya karye, sai dai a sake wani.

Abin da walda ba ta ƙarawa

Nan ne masu mota da yawa ke ruɗin kansu. Faɗin gida na ba taya wurin juyawa ne kawai, ba ya ƙara wa mota ƙarfi. An ƙera 404 mai buɗaɗɗen baya ne don kayan da ba su wuce tan 1 ba, wato buhu 10 na gero masu kilo 100. Birki, sifirin da ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya duk suna nan yadda suke. Babbar taya ma na sa birki ya ƙara wahalar tsayar da mota. Wanda ya ce tunda an buɗa gida bari ya ƙara buhu biyar, ya sayi hatsari da kuɗinsa.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, duba mota ba sai makanike ba. Kafin a shiga, bayan an gama lodi, a leƙa bayanta. Idan hannu ba ya shiga tsakanin taya da gidanta, ko gefen tayar ya goge, ko liƙin ya tsage, a faɗa wa direba. Idan ana tafiya aka ji ƙarar guga ko warin roba, a ce ya tsaya. In ya ƙi rage kaya, gara a jira wata motar. Kasuwa na ci kowane mako, rai kuwa guda ne. Mai mota kuma ya kai aikinsa wurin wanda ya iya, ko da kuɗin ya fi, don araha ba ta ado.