Darasin Kwamfuta a Wayar Uwargida

Idan ɗiyarki ta dawo daga makaranta ta ce ki ara mata waya, wai malamin kwamfuta ya turo darasi, kada ki yi saurin korarta. Tsaya ki ji daga inda darasin ya fito.

Littafin kwamfuta tsada gare shi, ga saurin tsufa. Shi ya sa malami a Sanyinna ko Tambuwal yakan sayi data da kuɗin aljihunsa, ya shiga intanet. A can Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ta zuba littattafanta kyauta. Sai ya sauke, ya tsamo abin da yara za su gane, ya tura wa 'yan'uwansa malamai ta WhatsApp. Inda sabis ba ƙarfi kuwa, kamar wasu ƙauyukan Kebbe, wayoyi biyu ake kusantawa a tura ta Xender, ba a taɓa data.

Kin ga tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, yarinyar da ba ta saba ba sai hannu ya yi ta rawa. To ara mata, amma ki zauna kusa, ta karanta miki a fili.