Ko Ka Sani? Jifan da Ya Riga Bill Phillips Isa Tasha

A wasan besbol mai jifa yakan wurgo ƙwallo, mai bugu ya maka mata sanda sannan ya ruga zuwa tasha ta farko daga cikin tashoshi huɗu na filin, idan kuwa ƙwallon ta riga shi shiga hannun mai tsaron tashar, to an fitar da shi. Tsaron wannan tasha shi ne aikin Bill Phillips, wanda aka haifa a 1857 a birnin Saint John na lardin New Brunswick a Kanada, ya shiga babbar gasar Amurka tare da ƙungiyar Cleveland a 1879, ya koma Brooklyn a 1885, ya kuma kammala a Kansas City a 1888.

Sai dai ranar da ta fi ɗaure sunansa a tarihi ita ce 12 ga Yuni, 1880, lokacin da Cleveland ta ziyarci Worcester, inda mai jifa da hagu, Lee Richmond, ɗalibin Jami'ar Brown, yake fitar da masu bugu ɗaya bayan ɗaya. A zagaye na biyar Phillips ya buga ƙwallo ta tsallake 'yan tsaron ciki zuwa gefen dama, irin bugun da kusan kullum ke kai mai shi tasha lafiya, amma ɗan tsaron Worcester Lon Knight ya ɗauke ta ya cillo da sauri har ta riga Phillips isa tasha. Wannan jifa guda ya ceci abin da ake kira cikakken wasa, wato mai jifa ya fitar da duk masu bugu 27 ba tare da ko ɗaya ya taka tasha ba, kuma shi ne na farko a tarihin manyan gasanni, don haka Knight ya cancanci rabon yabon da aka fi ba Richmond.

Wani abin sha'awa kuma, wanda ya ci wa Worcester makinta ɗaya tilo a ranar shi ma ɗan Kanada ne, Arthur Irwin haifaffen Toronto, wanda a 1883, bayan ya karye a yatsu biyu, ya sanya safar hannu mai cike da laushi, a zamanin da yawancin 'yan wasa ke cafke ƙwallo da hannu tsirara.

Kwana biyar bayan wasan Richmond, wani mai jifa, John Ward, ya maimaita wannan bajinta, daga nan gasar National League, wadda aka yi wasannin biyu a cikinta, ba ta sake ganin irinta ba sai 1964. An shigar da Phillips, wanda ya rasu a Chicago a 1900, zauren karramawa na besbol na Kanada a 1988.